Harin RasGas na 2012 da dabarar hana baƙuwar manhaja aiki a kwamfuta

A ranar Litinin 27 ga watan Agustan 2012, wata ƙwayar cutar kwamfuta ta afka wa ofisoshin kamfanin RasGas mai hedikwata a Doha, wanda a lokacin shi ne na biyu a girma cikin kamfanonin Qatar masu fitar da iskar gas da aka mayar ruwa. Shafin kamfanin na intanet ya rufe, saƙonnin imel suka tsaya na tsawon kwanaki. Kamfanin ya ce aikin sarrafa gas a Ras Laffan, kimanin kilomita 80 arewa da Doha, bai tsaya ba.

Kwana 12 kafin nan, a ƙarshen watan Ramadan lokacin da ma'aikata da yawa ke hutu, wata cuta da aka raɗa wa suna Shamoon ta shafe abin da ke cikin kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin mai na Saudi Aramco. RasGas bai ambaci sunan cutar da ta kama shi ba, amma a watan Oktoban shekarar Sakataren Tsaron Amurka na lokacin, Leon Panetta, ya ambaci hare-haren biyu tare a wani jawabi, yana mai cewa iri ɗaya ne.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne makamin da Shamoon ta yi ɓarna da shi: halastacciyar manhaja ce, mai ɗauke da hatimin kamfanin da ya ƙera ta.

Mene ne direba?

Masu gyaran kwamfuta na kiran wata ƙaramar manhaja da suna direba. Ita ce tafinta tsakanin Windows da sassan na'ura, kamar firinta da kyamara da faifan ajiyar bayanai. Manhajojin yau da kullum a zaure suke tsayawa, sai sun nemi izini kafin su taɓa wani abu mai muhimmanci. Direba kuwa a cikin gida take zaune, a zuciyar tsarin, inda babu ƙofar da aka kulle mata. Saboda wannan iko ne Microsoft ya wajabta, tun daga Windows Vista mai bit 64, cewa irin wannan direba sai da hatimin lantarki na mai ita kafin ta yi aiki.

Masu kutsen Shamoon ba su wahalar da kansu wajen ƙirƙirar hatimin jabu ba. Sun ɗauko wata direba mai suna RawDisk, ta kamfanin EldoS, wadda aka yi don bai wa halastattun manhajoji damar isa ga faifai kai tsaye. Da ita suka rubuta shara a kan sashen faifan da kwamfuta ke karantawa yayin kunnawa, bayan sun maye gurbin fayiloli da guntun hoton tutar Amurka tana cin wuta. Kwamfutar da aka yi wa haka ba ta ƙara tashi sai an sake ɗora mata komai.

Dabarar ta ci gaba da yawo. Shamoon ta sake bayyana a Saudiyya a watan Nuwamban 2016, sannan ta faɗa wa kamfanin Saipem na Italiya a Disamban 2018. A ƙarshen 2019 masu bincike na IBM suka bayyana wata mai suna ZeroCleare, wadda ta yi amfani da wata tsohuwar direbar VirtualBox mai hatimi amma mai rauni wajen buɗe wa RawDisk ƙofa. A 2022 ma an ga masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa suna kashe manhajojin tsaro da direbar wasan Genshin Impact, wadda aka yi don hana 'yan wasa maguɗi.

Daga jerin ɓarayi zuwa jerin 'yan gida

Manhajar riga-kafi da aka saba da ita tana aiki ne kamar mai gadin da aka bai wa hotunan sanannun ɓarayi: duk wanda ba ya cikin hotunan, ya wuce. Sabon ɓarawo, ko ɗan gida da aka aiko da mugun nufi, ba zai gamu da cikas ba. Tsarin taƙaita manhajoji yana juya lamarin ne. Mai gadi na riƙe da sunayen waɗanda aka yarda su shiga, kowa ban da su ya tsaya a waje, ko an san laifinsa ko ba a sani ba.

Windows ya daɗe da wannan dama, sai dai ta sha sauya suna da siffa. Ta fara da wasu ƙa'idoji masu sauƙi a Windows XP a 2001, sai AppLocker a Windows 7 a 2009. Windows 10 ya zo a 2015 da tsarin da daga baya aka sani da Windows Defender Application Control, wanda yanzu ake kira App Control for Business. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne, wannan na baya yana iko har a kan direbobi, ba manhajojin da mutum ke buɗewa da hannunsa kaɗai ba.

Ana gane manhajar da aka amince da ita ta hanyoyi uku. Akwai lambar da ake lissafowa daga fayil ɗin kansa, wadda ke kamar zanen yatsa. Ita ce mafi tsauri, amma tana sauyawa duk lokacin da aka sabunta manhajar, don haka mai kula da ita ba ya hutawa. Akwai hatimin mai ƙera manhaja, wanda ya fi sauƙin gudanarwa, sai dai labarin RawDisk ya nuna hatimi shaida ce ta asali, ba ta hali ba. Ta uku ita ce amincewa da duk abin da ke cikin wata ma'ajiya, kuma ita ce mafi rauni matuƙar ma'aikaci na iya ajiye fayil a wurin.

Saboda raunin hatimi ne Microsoft ke riƙe da wani jeri na daban, na direbobin da aka gano ana cutarwa da su duk da halaccinsu. Tun daga sabuntawar Windows 11 ta 2022, wannan jeri a kunne yake zuwa. A shekarar ce kuma aka gano cewa kwafin da ke kan kwamfutocin Windows 10 da dama bai samu sabuntawa ba tun 2019, abin da kamfanin ya amsa kuma ya gyara.

Inda wahalar take

Rubuta dokar ba shi ne aikin ba. Sanin abin da ma'aikata ke amfani da shi shi ne aikin. Ofishin da ya kunna tsarin kai tsaye zai iya wayar gari manhajar biyan albashi ta ƙi buɗewa, ko tsohuwar firintar da babu mai tuna ranar da aka saye ta ta daina aiki. Idan aka toshe direbar da kwamfuta ke buƙata wajen tashi, mai gida ne ya kulle kansa a waje. Shi ya sa ake fara gudanar da dokar a yanayin sa ido na makonni: ba ta hana komai, sai dai ta rubuta duk abin da da ta hana, a duba, a gyara, sannan a gwada a kan kwamfutoci kaɗan.

Akwai kuma batun mai kutsen da ya sace kalmar sirrin babban mai kula da kwamfutoci, wanda zai iya kashe dokar kafin ya fara ɓarna. Maganin da Windows ya tanada shi ne a sa wa dokar kanta hatimi a haɗa ta da kariyar Secure Boot, ta yadda cire ta zai yi wuya ko ga mai wannan matsayi.

Tsarin ba ya kare kwamfuta daga kuskuren wanda aka riga aka amince da shi. A ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa mai matsala daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, alhali manhajar na cikin 'yan gida. Duk da haka hukumar tsaron intanet ta Ostireliya ta sa taƙaita manhajoji cikin muhimman matakai takwas da take ba ma'aikatu shawarar ɗauka.

Ga mai shagon buga takardu a Kano ko Maradi, inda filas ɗin kwastomomi ke shiga kwamfuta ɗaya daga safe zuwa dare, kuma manhajar da aka fasa wa kulle ta fi ta saye yawa, cikakken tsarin ya yi nauyi. Abin da ke kusa da shi su ne Smart App Control na Windows 11, da barin jerin direbobin da aka haramta a kunne, da kuma raba asusun aikin yau da kullum da asusun mai ikon ɗora manhaja.

A Qatar, RasGas ya narke cikin Qatargas a farkon 2018, kamfanin da ya koma QatarEnergy LNG a 2023. Ƙasar, wadda ta kafa cibiyar Q-CERT tun 2005, ta tattara harkar tsaron intanet ƙarƙashin hukuma guda ta ƙasa a 2021, shekara ɗaya kafin ta karɓi baƙuncin Gasar Cin Kofin Duniya.