Asalin Kalma: Tassa

A jihar Tawa ta Nijar, in manomi ya ce zai yi tassa, ramuka yake nufi. Da rani ake haƙa su a kan fako, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ba ya shigarta. Faɗin kowane rami bai wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Sai a tara ƙasar da aka haƙo a gefen gangare, a zuba taki kamar cikin tafin hannu a ramin. Gara ce ke ƙarasa aikin: tana bin takin, tana huda ƙasa, ruwan farko ya sami hanyar nutsewa. Nan ake shuka gero ko dawa.

A ganina kalmar ba wata ba ce illa tasa, kwanon nan na ƙarfe, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ɗasa. Ramin ma siffarsa ke nan. Harafin s na biyu kuwa aikin rubutun Faransanci ne, inda s guda tsakanin wasula kan koma z. Da ba a ninka ba, da ma'aikatan gona sun riƙa karanta "taza".

Mosawan Burkina Faso "zai" suke kiran wannan dabara, kuma Yakuba Sawadogo na Yatenga ya yi suna wajen inganta ta. Can manoman Illela ta jihar Tawa suka je suka gani a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo suka gwada. Ba a jima ba fakon da aka yasar ya fara shiga ciniki.