Aksul da Difaranshiyal: Aikin da Mai Mota Zai Iya Yi da Kansa

Duk lokacin da mota ta sha kwana, tayar da ke waje tana cin tazarar da ta fi ta tayar ciki. Difaranshiyal shi ne tarin giyoyin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin biyu, ya kuma bai wa kowace damar juyawa da saurin da ya dace da ita. Wani Bafaranshe mai ƙera agogo, Onésiphore Pecqueur, shi ne ya yi rajistar wannan fasaha a shekarun 1820.

A motoci irin su Hilux da Hiace da Peugeot 504, yana zaune ne a tsakiyar aksul ɗin baya. A masu ja da tayoyin gaba kuwa, kamar Corolla da Golf, yana cikin akwatin giya.

Alamomin matsala

Kukan da ke ƙaruwa da ƙaruwar gudu yakan nuna cewa haƙoran giya ko boris sun ci. Ƙarar bugu a lokacin tashi ko sauya giya alama ce ta sakwarkwacewa. Jiƙewar mai a bayan taya kuwa tana nufin robar da ke tare mai ta mutu, kuma idan man ya kai ga birki, motar na iya ƙin tsayawa.

Sauya mai

Wannan ne aikin da mai mota zai iya yi a gida. Ana ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a tare tayoyinta. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe, domin jak yana sauka ba sallama.

Ana fara kwance notin zuba mai kafin na zubarwa, gudun kada a tsiyaye man sannan na sama ya ƙi buɗuwa. Garin ƙarfe mai laushi a kan maganaɗisun noti ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi shaida ce ta karyewar haƙori. Man da ya koma kalar madara kuwa ruwa ne ya shige shi, abin da ke yawan faruwa bayan ratsa ambaliya da damina.

Sai a zuba man giya mai lamba GL-5, kamar 80W-90, ko wanda littafin motar ya ambata, har ya taɓo bakin ramin. Man inji ba ya maye gurbinsa.

Inda ya kamata a tsaya

Daidaita babbar giya da ƙaramar da ke juya ta aikin ƙwararren bakanike ne. Ratar da ke tsakanin haƙoransu ba ta kai rabin milimita ba, kuma da ma'auni na musamman ake gwada ta. Kuskure a nan yana cinye sababbin giyoyi cikin ɗan lokaci, har ya iya sandarar da tayoyi mota tana cikin gudu. Kuɗin gareji bai kai wannan asarar ba.