Hanyoyin kare dukiya ban da inshorar kamfani: abin da fataken Nguru da Gashuwa ya kamata su sani

Duk wanda ke ɗauko shanu, bandar kifi ko tattasai daga Nguru da Gashuwa zuwa Mile 12, Oko-Oba ko Ibadan ya san cewa tirela ɗaya in ta faɗi, jarin shekaru ya tafi. Amma kaɗan ne ke sayen inshorar kaya a hanya. Wasu kuɗin ne ya yi musu yawa, wasu kuma tsoron riba ne ya hana su.

Da farko dai, akwai wadda ba a guje mata: inshorar mota ta ɓarnar da aka yi wa wani, doka ce. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da ta ƙaramar mota Naira 15,000 daga 5,000. Sai dai wannan ba ta biyan ko buhu ɗaya na kayan da ke cikin motar.

Hanya mafi daɗewa ita ce raba kaya. Maimakon mutum ya cika mota shi kaɗai, sai mutum huɗu ko biyar su haɗa, kowa ya watsa nasa a motoci daban-daban. In ɗaya ta samu matsala, kowa ya yi asarar kaso, ba wanda ya karye. Wannan ba ta cin ko kwabo, sai dai amana da lissafi mai kyau.

Sai asusun ƙungiya, inda ake cire wani abu kan kowace mota ko kowane kan dabba a ajiye don ranar tsautsayi. Kuɗin na nan hannun jama'a, ba ya tafiya kamfani. Rauninsa shi ne masifar da ta taɓa kowa lokaci guda, kamar rikicin kasuwar Sasa a Fabrairun 2021, ko ambaliyar 2022 da ta mamaye Gashuwa. A irin wannan rana asusu ba ya isa. Kuma fa in ba a rubuce ba, kuma sa hannu ɗaya ke fitar da kuɗi, to rigima na nan tafe. Adashe kuwa tara jari ne, kada a ɗauke shi kariya.

Takaful na cike wannan giɓi. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful na aiki da shi. Kuɗin da aka zuba gudummawa ce, in ya yi rara bayan biyan asara a raba wa mahalarta. Ƙungiya in ta shiga a dunƙule ta fi samun rangwame, musamman in ta yarda asusunta ya ɗauki ƙananan asara, kamfani ya ɗauki manya.

Manoman shinkafa a fadamar Haɗeja-Nguru kuma su tuntuɓi NAIC, hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, kafin shuka, ba bayan ruwa ya zo ba.