Kabad ɗin da Aka Manta a Buɗe

A ajinmu na firamare mu huɗu ne a kan benci ɗaya, benci mai nauyin da yara biyu ba sa iya gusar da shi, kuma ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa gabana ke faɗuwa kowace safiya ba, sai da na girma na karanta tarihin wani aji a birnin Rum na ƙasar Italiya.

Ranar 6 ga Janairu, 1907, aka buɗe wannan aji a San Lorenzo, unguwar talakawa, domin 'ya'yan leburori waɗanda iyayensu ke fita nema tun da sassafe. Masu gidajen haya ne suka so a tattara yaran wuri guda, saboda suna ɓata musu bango. Aka danƙa aikin ga Maria Montessori, likitar da ta kammala karatu a Jami'ar Rum a 1896. A zamanin nan bencin makaranta a kafe yake, yaro kuwa a kafe a kansa. Ita sai ta sa aka ƙera ƙananan kujeru da tebura marasa nauyi, yadda yaro zai ɗauki tasa ya kai inda ransa ya kwanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin da ita kanta ta bayar. Wata rana malamar ajin ta makara, ga shi kuma ta manta ba ta kulle kabad ɗin kayan koyo ba. Da ta iso ta tarar yara sun buɗe shi, kowa ya ɗauki abin da yake so. Malamar ta ga alamar sata. Montessori kuwa ta ga yaran da suka san kayansu har suka isa zaɓi, don haka ta sa aka sauko da kayan inda hannunsu zai kai. Ta kuma lura cewa yaron da ya zaɓi aikinsa yakan nutsu a kansa, ya maimaita shi sau da yawa, ya tashi fuskarsa a sake kamar wanda ya huta. Daga bisani ta daina ba da tukuici da horo, domin ta ga ba su dame su ba. Yaran San Lorenzo ƙanana ne, amma a 1916 ta fitar da littafin da ya kai tsarin ga ɗaliban firamare.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibi ba. A 1914 William Kilpatrick na Jami'ar Columbia a Amurka ya soke shi da cewa kayan koyon sun taƙaita wa yaro ƙirƙira da wasa tare da 'yan'uwansa, kuma a ganina akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai hukuncin Mussolini ya fi ba ni abin tunani. Da farko ya rungumi makarantun, amma gwamnatin da ke son yara masu maci a layi ba ta daɗe tana jure wa yaron da ya saba yanke wa kansa shawara ba. Montessori ta bar Italiya a 1934, a 1936 kuma aka rufe makarantunta na ƙasar.

Mu ma akwai kabad a ajinmu, cike da littattafai masu hotuna. Har na gama aji shida makullinsa yana aljihun malam.