Muhammadu Bello da garuruwan bakin iyakar Gobir

Muhammadu Bello bai wuce shekara 23 ba lokacin da mahaifinsa Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. A Tabkin Kwatto, a watan Yuni na shekarar, baffansa Abdullahi ne ya ja rundunar, shi kuwa yana cikin samarin da suka fuskanci dawakin Sarkin Gobir Yunfa da baka da kibiya. An yi nasara. Amma wadda ta horar da shi ita ce Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, a ƙarshen wannan shekara, inda Gobirawa da Abzinawa suka auka wa jama'ar Shehu aka kashe kimanin mutum 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Ga yunwa, ga ciwo, dole jama'a ta gangara ƙasar Zamfara neman abinci.

A nan ne mutanen yankin Zamfara suka shiga labarin. Muhammadu Namoda, jarumin Alibawa, ya karya Abzinawa da abokan taronsu a Fafara kusa da Zurmi a 1806, ya toshe wa Gobir ƙofar kudu. Da Bello ya tashi wa Alƙalawa a 1808, Namoda na tare da shi, haka ma Aliyu Jedo da Umarun Dallaji na Katsina. Birnin ya faɗi a watan Oktoba, Yunfa ya mutu yana faɗa tare da mutanensa, kuma bai kamata a hana shi wannan shaida ba. Namoda kansa bai daɗe ba, a 1810 aka kashe shi a yaƙin Kiyawa. Har yau sarautar Ƙauran Namoda Sarkin Kiyawa ce.

A ganina babban abin da Bello ya ɗauka daga waɗannan shekaru shi ne cewa cin birni daban, riƙe ƙasa daban. Gobirawa ba su taɓa saduda ba. Shi ya sa bayan ya gina Sakkwato a 1809, ya kuma zama Sarkin Musulmi a 1817, ya duƙufa kan ribaɗi: a kewaye gari da ganuwa a bakin iyaka, a gina masallaci da makaranta, a zaunar da makiyaya su kama noma da kiwon dawaki, a ɗora ɗan sarki a kansu. Manomi na huɗa, kwari da baka na rataye a kusa da shi. Bello da kansa ya tare a Wurno, can kuma ya rasu a 1837, shekara guda bayan yaƙin Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda.

Ko Gawakuke ba ta kashe wutar ba. Gobirawa suka sake tsayuwa a Tsibiri, ƙanen Bello, Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kai musu yaƙi a 1842. A hanyar dawowa ya rasu a Katuru, nan kabarinsa yake, shi ya sa ake ce masa Atiku Mai Katuru. Tsaron wannan gefe ya ci gaba a hannun gidan Bello, ɗansa Aliyu Ƙarami ya riƙe Isa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1866. Zuriyar Atiku kuwa ta bi salon kafa gari a bakin daga: jikansa Maiturare ya kafa Gwadabawa, ɗan Atiku, Umaru Nagwamatse, ya nausa kudu har ya kafa Kontagora.