Gyaɗa da Waken Suya: Tarihin Baƙi Biyu a Tukunyar Bahaushe

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya tarar da ƙuli-ƙuli a faifan 'yan talla, da man gyaɗa a miya, da harawa jibge bisa soro, da wuya ya yarda in an ce masa gyaɗa baƙuwa ce a wurinmu, alhali kuwa masana tarihin tsirrai sun yi ittifaƙi a kan cewa asalinta Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasashen Bolibiya da Faraguwai na yau, kuma jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka ƙetaro da ita zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, daga nan ta yi ta bin hannun manoma da fatake har ta iso Arewa. Abin da kakanninmu suka fara sani mai zuba 'ya'ya a cikin ƙasa shi ne gujiya, kuma sabon da suka yi da nomanta shi ya sauƙaƙa musu karɓar baƙuwar. Waken suya shi ma baƙo ne, daga ƙasar Sin, inda aka shafe fiye da shekara 3,000 ana nomansa, sai dai shi zuwansa na baya-bayan nan ne. Da yake a yanzu mutane sun yawaita tambaya a kan wanne ya fi fa'ida ga jiki, ya kyautu a waiwayi yadda kowannensu ya shigo, domin amsar da ke cikin tarihinsu ta fi wadda mizanin masana kaɗai zai bayar cika.

Wata alama ta baƙuntar gyaɗa tana cikin littattafan fiƙihu. Malaman mazhabar Malikiyya sun lissafa jinsi 20 na amfanin gona da zakka ta wajaba a cikinsu, har da gero da dawa da shinkafa da wake da riɗi, amma ba su ambaci gyaɗa ba, saboda ba a san ta ba a ƙasashen Musulmi a zamanin da aka tsara wannan lissafi. Shi ya sa da nomanta ya yawaita, sai mas'alar zakkarta ta zama abin saɓani tsakanin malaman Afirka ta Yamma, wasu suna ƙiyasta ta da dangin wake, wasu da ƙwayoyin da ake tatsar mai, wasu kuma suna ganin sai dai a fitar da zakkar kuɗinta. A tsawon waɗannan ƙarnoni gyaɗa abar ci ce a gida, ana shuka ta tsakanin kunyoyin gero, ana dafawa, ana soyawa, ana dama kunu da ita, ba ta kai matsayin auduga ko baba ko fata a sha'anin fatauci ba.

Abin da ya sauya wannan hali ya faru ne a Turai. A farkon ƙarni na 20 masana'antu suka gano hikimar daskarar da man tsiro ya zama majarin, watau man da talakawansu ke shafa wa burodi a madadin man shanu, sai buƙatar ƙwayoyin mai ta hauhawa. Daidai wannan lokaci, a 1911, layin dogo ya iso Kano, aka buɗe shi ga jigilar kaya a 1912. Turawan mulki sun yi tsammanin auduga za ta cika taragun, domin ita masaƙun Ingila ke nema, amma manomin Kano ya yi nasa lissafi, ya ga masaƙa da marina na gida suna sayen auduga da tsada fiye da farashin Bature, ga shi kuma gyaɗa ba ta hana shi noman hatsi, in kasuwa ta faɗi ya ci abarsa, harawarta kuma dabbobi su ci. Fatake da suka goge a cinikin goro na Gwanja, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, su suka karɓi jari daga kamfanonin Turawa suka baza yaransu ƙauyuka da kyautar gishiri da tufafi suna kwaɗaitar da manoma. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta kai kimanin tan 19,000, ninkin ba ninkin na shekarar da ta gabata. Fari ya biyo baya da yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta hallaka jama'a masu yawa a 1914, duk da haka da ruwa ya dawo sai aka koma wa gyaɗa, domin haraji da tsabar kuɗi ake biyansa, kuma babu abin da ke kawo tsabar kuɗi da kaka kamarta.

Daga cikin attajiran wannan zamani babu wanda sunansa ya ɗaukaka kamar Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Shi ake jingina wa dabarar jera buhuna bisa siffar dala, kuma dala guda takan ɗauki buhu kamar 15,000. Ya kamata a fahimta cewa waɗannan daloli na Ƙofar Mazugal da Malam Madori da sauran wurare, waɗanda suka zama abin alfahari har aka buga hotonsu a jikin kan sarki, larura ce ta haife su, watau gazawar jirgin ƙasa wajen kwashe abin da aka saya zuwa bakin teku kafin wata kakar ta zagayo. An miƙa layin dogo zuwa Ƙaura Namoda a 1929, zuwa Nguru a 1930, an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, wadda ta riƙa yanke farashi ƙasa da na kasuwar duniya tana tara rarar, kuma da wannan rara aka yi hanyoyi da makarantu da asibitoci masu yawa na Jihar Arewa. A ƙetaren iyaka ma, Maraɗi da Damagaram da gyaɗa suka bunƙasa, har gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta. Sai dai a duk wannan zamani, zaɓaɓɓiyar gyaɗa, da manta da tunkuzarta, Turai take tafiya, can mutane su ci man, shanunsu su ci tunkuzar, alhali yaran manoman da suka noma ta da yawansu kunun gero zalla ake yaye su da shi.

Abin da ya rage a gida hannun mata ya faɗa, kuma a nan ne gyaɗa ta yi wa jikin Bahaushe hidima ta haƙiƙa. Mace tana cikin kulle za ta soya gyaɗa a kasko, ta murje, ta sheƙe ɓawon, a kai niƙa, sa'an nan ta zuba a turmi tana tuƙawa tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har ƙullin ya yi duhu ya fara tsattsafo da mai, ta matse, ta ɗura man a kwalba, tunkuzar kuma ta mulmula ta soya a cikin man da ta fitar. Wannan ƙuli-ƙuli da ake ganin abin taunawar yara ne, da yake an rage masa mai, kusan rabinsa furotin ne, watau sinadarin gina jiki. Shi ake dakawa a kwaɗon zogale da rama, shi ne jigon yajin tsire, kuma da tunkuza ake haɗa labun kilishi, ta haka gidan da ba ya ganin nama sai ranar salla yake samun abin da ke riƙe masa jiki.

Faɗuwar cinikin ta zo ta fuskoki da dama. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abinci mai tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil, bincike kuma ya gano wani dafi da fumfuna ke haifarwa, aka sa masa suna afulatoksin, daga nan masu saye a Turai suka fara tsananta sharuɗɗa. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, sa'an nan a 1975 annobar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata gonaki kimanin hekta 700,000 a Arewa. Ga kuma arzikin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga noma. Sannu a hankali daloli suka ɓace, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Ba a bar noman gyaɗa ba, har yau Nijeriya na cikin manyan masu nomanta a duniya, sai dai yanzu galibinta a cikin ƙasa ake cinye ta.

Waken suya kuwa hanyarsa akasin wannan ce, domin shi da niyyar fitarwa aka kawo shi, bai shiga tukunya ba sai daga baya. An fara gwada shi a Ibadan a 1908 bai yi kyau ba, sai a 1937 aka dace da wani iri da ake kira ɗan Malaya, wanda ya karɓi ƙasar Tibi a lardin Binuwai, aka fara fitar da shi waje a 1947. Manoma suna noma shi suna sayarwa amma ba sa ci, kuma suna da uzuri, domin in aka dafa shi yadda ake dafa wake sai ya cinye itace bai yi laushi ba, ga ƙarni, ga kumburin ciki. Matan kudancin Kaduna, wajen Kafanchan, suna cikin waɗanda suka fara samo masa mafita, da suka riƙa yin daddawa da shi a madadin kalwa. Cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, tare da ta Samaru a Zariya, ta fitar da iri waɗanda ke haƙuri da ajiya, ba sa saurin fashewa a gona, suna kuma ƙara wa ƙasa taki har su rage ƙarfin ƙuduji ga masarar da za ta biyo baya. Da tsare-tsaren tattalin arziki na 1986 suka sa madara da nama da ƙwai suka gagari talaka, sai aka shiga koya wa mata sarrafa shi, kuma abin da ya karɓu fiye da kome shi ne awara: a jiƙa waken, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami na kamu ko na tsamiya har ta tsinke ta dunƙule, a juye a ƙyalle a danne da dutse, a yayyanka a soya, dusar kuma a ba awaki. Cikin shekaru kaɗan babu ƙofar makaranta ko tashar mota a Kano da Katsina da Maraɗi da ba a ganin mai suyar awara da yamma.

To, in aka ɗora su a mizani, ga abin da masana suka samu. A cikin giram 100 na busasshen waken suya akwai furotin kamar giram 36 zuwa 40 da mai kamar 20, a gyaɗa kuwa furotin kamar 25 ne, mai kuma ya kusa 50, saboda haka gyaɗa ta fi ba da kuzari, kalori wajen 570, shi kuma wajen 450. Fifikon waken suya bai tsaya ga yawa ba, domin furotin ɗinsa yana da yalwar wani ɓangare da ake kira laisin, wanda shi ne gero da dawa da masara suka gaza a kansa, gyaɗa ma ba ta da shi da yawa, kuma ya fi ta sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da na ƙarfafa ƙashi. Ita kuma gyaɗa ta fi shi bitamin E da nayasin, manta kuma irin wanda likitocin zuciya ke yabo ne, kuma wannan yawan mai nata shi ya sa likitan Faransa André Briend ya gina abincin ceton yara masu tamowa a kanta a 1996, wanda aka yi amfani da shi ga dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005.

Kowannensu kuma yana da illa wadda sakaci ke fito da ita. Ɗanyen waken suya na ɗauke da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, wuta ce ke kashe shi, don haka madarar da ba ta tafasa sosai ba, ko garin da ba a soya ba, cuta ce ga yaro. Maganar da ke yawo a majalisu cewa awara na rage wa namiji ƙarfi, gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su gaskata ta ba. Abin tsoro a awara shi ne man da aka maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Illar gyaɗa ta fi haɗari, domin dafin fumfuna ba ya mutuwa da suya ko dahuwa, yana taruwa ya jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, an kuma danganta shi da tsumburewar yara. Abin takaici shi ne ƙwayar da ta motse ko ta yi ɗaci, wadda aka tsince daga ta sayarwa, sau da yawa ita ake yi wa araha a kai wa masu ƙuli.

Hukuncin da adalci ya bayar ke nan: ga wanda abincinsa tuwo ne da kunu, waken suya ya fi cike masa giɓin gina jiki, gyaɗa kuma ta fi ba shi ƙarfin aiki da maiƙo, kuma ba a umarci kowa ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Ma'aikatan lafiya a Arewa maso Gabas suna koya wa iyaye mata garin kunun yaye na mudu 6 na hatsi, da 3 na waken suya, da 1 na gyaɗa, kowanne a soye. Amma wannan haɗi ba zai yi amfani ba sai da sharuɗɗa biyu waɗanda ba sa buƙatar kuɗi mai yawa: a cire gyaɗa a kan kari, a shanya ta bisa tabarma ko leda har ta bushe ƙayau, a zubar da ruɓaɓɓiya kada a ci kada a ba dabba, shi kuma waken a ba shi haƙƙinsa na wuta. Duk hukumar da ke son rage tamowa a ƙasar nan, da manomi a wurin shanya da mace a bakin murhu ya kamata ta fara.