Bitar karatu

Bitar karatu ita ce maimaita darasi lokaci-lokaci domin ya zauna a ƙwaƙwalwa. A shekarar 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi ta zama ɗaya amfani. Makarantun allo sun daɗe suna yin haka ta hanyar tilawa.

A yawancin jami'o'in Najeriya, ciki har da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ana tara makin ɗalibi tun daga zangon farko, kuma digiri mai daraja ta ɗaya yana buƙatar 4.50 cikin 5.00. Kwas ɗin da ɗalibi ya faɗi saboda barin karatu sai daren jarrabawa yana rage wannan maki har ranar kammalawa.